Amfanin Zuwa Ikko Ga Mai Shirin Zama Malami

Jama'a, 'yan'uwanmu 'yan makaranta da malamanmu, ga wata 'yar magana muna so mu sa a gabanku, ku duba ku gani ko da abin ɗauka a cikinta. Mu shida ne, huɗu mutanen ƙasar Ƙaraye, biyu mutanen Rogo, dukanmu 'yan aji ɗaya a wannan kwaleji. Da aka yi babban hutu muka haɗa ɗan abin da muka samu na ƙwadago da abin da iyaye suka taimaka, muka tafi Ikko, wadda yanzu aka fi kira Legas, muka yi kwana goma. Tun da muka komo ba mu huta da tambaya ba, amma tambayar ba ta wuce iri biyu ba. Wannan ya ce, "Kun ga teku?" Wancan ya ce, "Nawa aka sace muku?" To, mun ga teku, an kuwa cuce mu sau ɗaya, za mu faɗi yadda aka yi in mun zo wurin. Amma abin da ya sa muka ɗauki alƙalami shi ne wani ra'ayi da muka komo da shi, watau duk wanda za a danƙa wa alli da 'ya'yan mutane ya kamata ya fara ɗanɗana baƙunci a babban gari irin wannan, ko da na mako guda ne, tun bai shiga aji ba.

Muka tashi ta Zariya, muka shiga safa da la'asar. Gari ya waye mana muna kusa da Jebba, inda a ke ƙetare Kwara. Daga nan ƙasa ta fara sāke kama, kuka da dorawa suka yi ƙaranci, kwakwa da ayaba suka yawaita, rufin ɗakuna ya koma kwano mai tsatsa. Muka wuce Ilori, muka wuce Badun, ba mu sauka ba sai da dare ya sāke yi. Kakanninmu fatake su kan yi watanni a kan wannan hanya da jakuna, suna kwana zango zango, suna biyan fito. Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, aka haɗa shi da na Ikko a 1912, sai tafiyar mil wajen 700 ta koma ta 'yan kwanaki. Mu kuwa da muka yi kwana ɗaya da wuni a zaune har muna kukan ciwon baya, sai muka ji kunyar kanmu.

A Agege muka sauka, gidan wani dattijo mutumin ƙasarmu, dillalin goro, wanda ya yi shekara fiye da talatin a can. Ya karɓe mu kamar 'ya'yan cikinsa. Aka kawo tuwon masara da miyar kuka, aka kawo shayi, muka yi sallar isha'i bayan limami Bahaushe, muka kwana muna jin Hausa ta taga. Da safe muka fito, ga mai ƙosai, ga mai yankan farce, ga mai wankin hula, ga wanzami, kai ka ce kasuwar Rogo ce aka ɗauko aka ajiye. Zangon Agege tsoho ne, cinikin goro ne ya kafa shi, gama ƙasar tana kan hanyar jirgi, manoman Yarabawa kuma suka dasa goro a kewayenta, Hausawa suka zauna suna saye suna ɗaurewa da ganye suna aikawa Arewa. Ba mu da abin faɗi game da wannan zango sai alheri. Ba domin shi ba, da ba mu san inda za mu sa kanmu ba a daren farko.

Amma a nan ne kuma muka ga abin da ya tsaya mana a rai. Muka gamu da wani saurayi, mutumin wani ƙauye ne kusa da namu, ya girme mu kaɗan, yana tura baro a kasuwa. Ya ce shekararsa bakwai a Ikko. Ɗayanmu ya ce masa, "Yaya, gobe muna so ka kai mu bakin teku." Ya yi dariya, ya ce, "Wallahi, ƙanena, ni ma ban taɓa ganinta ba. Ina ji dai a na faɗi." Muka ce to, Yarabanci fa? Ya ce ya san lissafin kuɗi da zagi biyu. Daga ɗakin kwanansu zuwa kasuwa, daga kasuwa zuwa masallaci, iyakar Ikkonsa ke nan. Ba mu ga laifinsa ba, gama wanda ya ke neman abin da zai aika gida ba shi da ranar yawon buɗe ido. Amma muka ce a ranmu, ashe mutum ya kan yi tafiyar mil 700 ya kwana a cikin rijiyar da ya baro. In mu da muka zo domin gani muka zauna a zango kwana goma, muna cin tuwo muna taɗi, za mu koma gida mu ce mun je Ikko, alhali kuwa ba mu je ba. Sabo da haka muka roƙi maigidanmu ya ba mu yaro ɗaya mai jin Yarabanci, kullum da sassafe mu fita, sai magariba mu komo.

Asalin garin tsibiri ne, masu shi suna kiransa Eko, daga nan muka sami Ikko. Sunan Legas kuwa Turawan Fotugal ne suka sa, ma'anarsa tafkuna, domin ruwa ya kewaye wurin. Gadoji uku ne suka haɗa tsibirin da tudu. Ta fari, gadar Carter, an gina ta a 1901, ta uku kuwa an buɗe ta a 1990, tsawonta ya kusa kilomita 12, mota tana gudu a kanta kana ganin ruwa dama da hagu. Daga kan wannan gada muka hango Makoko, inda masunta, yawancinsu kabilar Egun, suka kafa ɗakunansu bisa turaku a cikin ruwa, yara suna tuƙa kwalekwale kamar yadda namu su ke kora jaki. Jihar Legas ita ce mafi ƙanƙanta a Nijeriya wajen faɗin ƙasa, amma masu ƙiyasi suna cewa mutanen birnin sun haura miliyan 15. Wanda ya tsaya a Idumota da hantsi ba zai yi musu ba.

Abin da ya fi ba mu mamaki a tsibirin wani tsohon masallaci ne a titin Martins, a na ce da shi masallacin Shitta-Bey. Ba babba ba ne, amma labarinsa ya isa darasin mako guda. Wanda ya ba da kuɗin gininsa, Muhammadu Shitta, attajiri ne Bayarabe da aka haifa a Saliyo, cikin zuriyar bayin da aka ƙwato daga jiragen masu fataucin bayi. Magininsa kuwa yana cikin waɗanda suka komo daga Barazil bayan bauta, shi ya sa fuskar ginin ta yi kama da ginin waccan ƙasa. Da aka zo buɗe shi a 1894, Sarkin Musulmi na Istambul, Abdulhamid na biyu, ya aiko wakili, wani Bature Musulmi daga Libaful mai suna Abdullahi Quilliam, ya kawo wa Shitta sarautar Bey, Gwamnan Ingilishi na Ikko kuma yana wurin. Ku duba fa, ɗaki ɗaya na salla, ga hannun Saliyo, ga na Barazil, ga na Turkiyya, ga na Ingila. Har yau akwai unguwar zuriyar mutanen Barazil, a na kiranta Popo Aguda, ta mutanen Saliyo kuwa Olowogbowo. Muka yi azahar a can, sahu ɗaya da mutanen da ba mu san ko kalma goma ta harshensu ba. Da muka fito, tafiya kaɗan, sai ga babbar majami'ar Kirista a titin Marina, a gefenta masu sayar da kaya suna ciniki, Musulmi da Kirista, ba wanda ya dubi wani.

Kada kuma wani ya zaci mu Hausawa 'yan kallo ne a labarin wannan gari. Ingilishi sun harbi Ikko da igwa a 1851, suka karɓe ta a 1861. A 1863 wani hafsansu mai suna Glover ya tara Hausawa, yawancinsu bayi ne da suka gudu daga iyayengijinsu, ya yi 'yan doka da su, daga wannan ƙungiya ce a ke ƙirga asalin sojan Nijeriya. Unguwar Obalende ma mazaunin sojan Hausa ce tun farko. Alhasan Ɗantata, mutumin Bebeji, maƙwabtanmu, yana cikin waɗanda suka fara ɗauko goro daga ƙasar Gwanja ta jirgin ruwa su sauke a Ikko, kafin ya koma Kano ya zama babban mai sayen gyaɗa. Tattaɓa-kunnensa, Aliko Ɗangote, shi ya gina matatar mai a Lekki, wadda aka buɗe a 2023. Mun tsaya a dandalin Tafawa Ɓalewa, tsohon filin sukuwa, inda aka sauke tutar Ingila aka ɗaga ta Nijeriya ran 1 ga Oktoba 1960. Mun shiga gidan kayan tarihi na Onikan, mun ga motar da aka harbe Janar Murtala Muhammed a cikinta ran 13 ga Fabrairu 1976, ga huji-hujin harsashi a jikinta. Tun daga 1914 har 1991, da aka koma Abuja, daga wannan gari a ke mulkin ƙasarmu. Yaya malami zai koyar da tarihin Nijeriya shekara talatin bai taɓa taka wurin ba, alhali yana da ƙafa?

Ranar da ta fi kowace amfani a gare mu ita ce ranar da muka shiga jirgin fito daga Marina zuwa Apapa. Daga cikin ruwa muka ga manyan jiragen teku a jere, kowane ɗaya ya fi unguwa tsawo, an jibga musu akwatunan ƙarfe bisa juna kamar tubali, ƙugiyoyi suna ɗagawa suna ajiyewa. Ɗayanmu, wanda kakansa ya sha ba shi labarin kai gyaɗa kanti a kan jaki, ya yi shiru, can ya ce, "Ashe nan ta ke zuwa." Gaskiyarsa. Gyaɗar da kakanninmu suka noma a Ƙaraye da Rogo domin su biya haraji, aka tara ta dala dala a Kano, jirgin ƙasa ya kwaso, ta wannan bakin ruwa ta fita zuwa Turai. Yau dalar gyaɗa ta zama labari, amma riɗi da zoɓo da citta na Arewa suna bin hanyar, alkamar burodin da mu ke ci da injin ban-ruwan da manoman rani su ke jawo ruwa da shi a bakin dam ɗin Challawa kuwa ta irin wannan ƙofa su ke shigowa. An ƙara tashar Tin Can a 1977, an ƙara ta Lekki mai zurfi a 2023. Mun karanta shigo da kaya da fitar da kaya a littafi, mun rubuta a jarrabawa mun ci, amma sai ran nan muka gane abin da muka rubuta. Gani ya kori ji.

Yanzu ga labarin cutar da muka yi alkawari. Rana ta huɗu yaron da ke mana jagora bai ji daɗi ba, muka ce ai mun gane gari, muka fita mu kaɗai. A wata tasha wani mutum mai tsabtar tufafi ya tare mu da fara'a, ya ce shi ma'aikacin wurin ne, ya karɓi kuɗin mota na mutum shida, ya ba mu 'yan takardu, ya ce mu jira. Muna nan tsaye har rana ta take. Da muka nuna wa direba takardun sai ya kama dariya, mutane suka taru suna magana da ƙarfi, ba mu san ko tausayinmu su ke ji ko ba'a su ke yi ba. Mu da mu ke ganin kanmu masu ilmi, 'yan kwaleji, muka tsaya kamar kurame. Sai wata tsohuwa mai sayar da lemo ta taso, ta kore 'yan kallo, ta yi mana magana da buroka gauraye da 'yar Hausar da ta tsinta a kasuwa. Ta zaunar da mu a bencinta, ta ba mu ruwa, ta kira wani yaro ya sa mu a motar Agege, ta gaya wa kwandasta inda zai sauke mu. Muka ce, "Iya, mun gode," muka miƙa mata ɗan abin da ya rage, ta ture hannunmu, ta ce ita ma ɗanta yana bautar ƙasa a Arewa, tana fata wani ya yi masa haka.

Wannan awa guda da muka yi a tashar nan ita ce muka ce kowane malami ya kamata ya ɗanɗana. Yaron da a ke kawowa aji ɗaya daga rugar Fulani, ba ya jin Hausa sosai balle Turanci, haka ya ke tsayuwa a gaban malami, a na magana a kansa, a na dariya, bai san dalili ba. Malamin da bai taɓa zama bebe a cikin taro ba, da wuya ya san abin da ke cikin zuciyar yaron nan, sai ya ce daƙiƙi ne, ya ɗauko bulala. Mu dai mun yi alkawari tsakaninmu, duk ran da muka ga yaro ya yi irin wannan tsayuwa za mu tuna da bencin mai lemo.

Mun san akwai masu ja da wannan ra'ayi, maganarsu kuwa ba ta banza ba ce. Dattawanmu suna cewa Ikko tana lalata yaro, ya tafi da kunya ya komo da tsageranci, ko ya ƙi komowa sam. Sun ga abin da suka gani. Amma ku lura, yaran da ta ke lalatawa yawancinsu waɗanda suka tafi ne ba shiri, ba sana'a, ba karatu, ba mai tsawata musu. Ko mun so ko mun ƙi, kowace shekara bayan an gama girbi motoci suna kwasar samarin Ƙaraye da Rogo zuwa Kurmi cin rani, kuma waɗannan samari daga azuzuwan da za a ba mu za su fito. Da Gwamnatin Legas ta hana acaɓa a manyan sassan birnin a 2020, ta ƙara tsanantawa a 2022, samarin Arewa da yawa sun rasa baburansu, waɗansu ba su iya karanta allon da ya ce an hana bin titin ba. In malaminsu ya san garin, zai gaya musu gaskiyar abin da ke can tun suna aji, tsadar ɗaki da kwanan rumfa da dokokin hanya, ya nuna musu dalilin da ya sa karatu da sana'a su ne guzuri. In bai sani ba, sai su ji labari daga bakin wanda ya komo da sabon agogo da rediyo, shi kuwa ba ya faɗin daren da ya kwana da yunwa.

Waɗansu kuma suna cewa akwai hatsari, ba a son mu a can. Ba za mu ɓoye ba, an yi faɗa tsakanin Hausawa da Yarabawa a Idi-Araba a 2002, an yi a Mile 12 a 2016 har aka rufe kasuwa, an yi hasarar rayuka. Maigidanmu ya ba mu labarin kwanakin da suka yi ba su runtsa ba. Amma shi ɗin ne kuma ya ce mana maƙwabcinsa Bayarabe ne ya ɓoye masa iyali. Mun je Mile 12 da asuba, mun ga manyan motoci suna sauke tumatir da albasa da tattasai daga Arewa, matan Yarabawa suna ciniki da Hausa, dillalanmu suna amsawa da Yarabanci. A farkon 2021, da 'yan kasuwar Arewa suka tsai da kai abinci Kudu na 'yan kwanaki, tumatir ya yi tsada a Ikko, amma a ƙasar Kano ya ruɓe a hannun manoma, kwando ya faɗi warwas. Kowane gefe ya ji a jikinsa. Mutanen da cikinsu ya haɗu haka ba su da zaɓi sai su san juna, kuma rashin sanin nan shi ne itacen da mai hura wutar fitina ya ke samu a shirye.

Akwai kuma masu cewa ai duk wannan yana cikin waya, me ya sa za a ɓata kuɗin mota? Mu ma kafin mu tafi mun ga hotunan Ikko har mun gaji. Amma waya ba ta taɓa sa mu cikin taro mun rasa bakin magana ba, ba ta kuwa ba mu ruwa a benci ba. Batun kuɗi gaskiya ne, tafiyar ba ta da araha, mun yi wata biyar muna tari. Sai dai mun ga 'yan'uwanmu da yawa sun kashe fiye da haka a kan sabuwar waya da ɗinkin salla.

Wajibi ne kuma mu gargaɗi kanmu, mu da muka je. Akwai wata cuta da ke kama wanda ya ga babban gari, ya komo yana raina nasu, kowace magana sai ya ce, "Ai a Legas ba haka a ke yi ba." Allah ya tsare mu da ita. Mun ga benaye masu hawa ashirin, mun kuma ga mutum takwas a ɗaki ɗaya, mun ga ma'aikacin da ke tashi ƙarfe huɗu na dare domin ya isa ofis ƙarfe takwas sabo da cunkoson motoci. Da muka komo muka hango rumbunan gidajenmu da filin da yaro zai yi gudu har ya gaji, muka san muna da abin da miliyoyin mutane a can su ke mafarkinsa. Abin da ya kamata a ɗauko shi ne himmarsu, da yadda mai sayar da lemo ta ke tura ɗanta makaranta har ya gama jami'a, da yadda ba wanda ya ke jin kunyar sana'arsa.

Daga ƙarshe maganar ta komo gida. A Ƙaraye, a bakin dam ɗin Kusalla, nan ne sansanin da a ke horar da masu bautar ƙasa na Jihar Kano, tsarin da Janar Gowon ya kafa a 1973 bayan yaƙin basasa domin 'yan ƙasa su san juna. Kowace shekara samari da 'yan mata daga Legas da Inugu da Kalaba suna sauka a ƙofar gidanmu, su yi mako uku, waɗansu a rarraba su makarantunmu su yi shekara. Mu faɗi gaskiya, sau nawa muka gayyaci ɗayansu cin tuwo? Sau nawa muka tsaya muna dariya sa'ad da mai kanti ya ninka masa kuɗin sabulu domin ba ya jin Hausa? Wa ya sani ko ɗan mai lemon nan yana cikinsu? Mu kuwa da mu ke cewa baƙonka annabinka, ƙasarmu ma baƙi ne suka cika ta. Baba ta Karo, wadda ta tashi kusa da Zarewa a ƙasar Rogo, da aka buga labarin rayuwarta a 1954, ta ce kakanninta daga Barno suka zo. In kowannenmu ya tambayi kakarsa zai ji irin wannan.

Sabo da haka ga shawararmu. Muna roƙon hukumar kwaleji ta duba ko za a shirya wa 'yan ajin ƙarshe tafiya Ikko kowace shekara tare da malami ɗaya ko biyu, 'yan makaranta su yi adashi tun daga ajin farko domin kada nauyin ya faɗa wa iyaye gaba ɗaya. Wanda zai tafi ya koyi gaisuwa da godiya da tambayar hanya da Yarabanci tun daga nan, akwai masu bautar ƙasa a cikinmu da za su koya mana da murna. A sauka a zango, gama nan ne gida, amma kada a wuni a cikinsa. Kowa ya riƙe littafi ya rubuta abin da ya gani kullum, in an komo a karanta wa na baya. Wanda kuma bai sami ikon tafiya ba, to, ga Kusalla nan kusa, ya nemi baƙo ɗaya ya riƙe shi har ya gama shekararsa.

Wannan shi ne ra'ayinmu, mu shida. Ba mu ce ba mu kuskure ba, gama kwana goma ba su isa a san gari ba, kuma akwai malamanmu da suka yi shekaru a can, sun fi mu sani nesa. Wanda ya ga gyara, ko ya ke da ra'ayin da ya saɓa wa namu, muna roƙonsa ya rubuto a fitowa ta gaba mu ƙaru. Allah ya saka wa maigidanmu na Agege da alheri, ya kai ɗan mai lemo gida lafiya.